Murafen Tukwane a Kan Rufi

A wani ƙauye an yi wani magidanci mai suna Yunana, wanda ya gaji gida mai rufin tayal daga mahaifinsa. Tayal ɗin na jan yumɓu ne da aka gasa, aka jera su ɗaya na hawa kan ɗaya. Sauran gidajen ƙauyen duk kwano ne ko ciyawa, don haka baƙi kan tsaya a hanya su ɗaga kai su yi kallo. Yunana yana ji da rufin nan fiye da kima. Ko lafiyar iyali ka tambaye shi, kafin ya rufe baki sai ya kawo maka zancen rufi. Yakan ce, "Tun zamanin babana, ko ɗaya bai taɓa tsagewa ba."

Wannan magana kuwa ba gaskiya ba ce. Akwai bishiyar mangwaro a ƙofar gidan, reshenta ya haye rufin gaba. Da mangwaro ya fara nuna sai ya riƙa faɗowa yana fasa tayal. Mai gasa tayal yana nan a garin da ke kusa, kuma sayensu bai fi ƙarfin Yunana ba. Abin da ya dame shi shi ne, duk wanda ya sayo dole ya turo su a amalanke ta tsakiyar kasuwa, kowa ya gani, kowa ya yi tambaya. Wannan kunyar ce ba ya so ya sha.

Sai ya samo dabara. Ran kasuwa, idan matarsa Rifkatu ta fita, yakan kai tsani ɓangaren baya, wanda ke duban gabas, inda ba hanya sai gonaki. Ya zare lafiyayyen tayal daga can, ya kawo gaba ya sa a madadin wanda ya fashe. Ƙarƙashin rufin bayan nan kuwa ɗakin ajiya ne, inda buhunan dawa da masara suke, abincin da zai kai iyalin har kaka. Ramin da ya bari fa? Ya shiga madafa ya ɗauko murfin tukunya, ya kife a wurin, ya danne da dutse.

Da yamma Rifkatu ta ce, "Baban Godiya, ba ka ga murfin tukunyar miya ba?"

Ya ce, "Ni me ya haɗa ni da madafa? Ki duba wajen akuya."

Ta ce, "Akuya dai ba ta cin ƙarfe."

Ya ce, "Akuyoyin yanzu ba a shaidarsu."

Mangwaro ya ci gaba da faɗowa, murafe suka ci gaba da ɓacewa. Na langa ya tafi, na samira ya bi shi, farantai suka ragu, har babban tiren aurenta aka nema aka rasa. Baiwar Allah ta koma rufe tuwo da faifai. Daga baya ta fara zargin maƙwabciyarta Kande, tana yi mata kallon hadarin kaji, gaisuwa ma sai da ƙyar. Yunana yana gani, abin yana sukansa a zuciya, amma ya ci gaba da kwasar murafen. Wani lokaci yakan leƙa ɗakin ajiya ya ga hasken rana yana shigowa ta gefen murafen, ya faɗi a kan buhunan. Sai ya ja ƙofa ya ce wa kansa, ai damina da saura.

Wata rana da la'asar dattawan ikilisiya suka zo wurinsa, aka shimfiɗa musu tabarma a gindin mangwaro. Babbansu ya ce, "Ɗan'uwa Yunana, rufin majami'a yana yoyo. Mun duba ƙauyen nan kaf, ba mu ga wanda ya iya riƙon rufi kamarka ba. Muna so ka shugabanci gyaran."

Daɗi ya kama Yunana har kunne. Ya sunkuyar da kai kamar mai tawali'u, ya ce, "Ai ba wani abu ba ne, Baba, kula ce kawai da tsoron Allah."

Bai lura hadari ya haɗu a gabas ba. Iska ta taso gaba ɗaya ta bugi rufin baya. Sai ga murfin tukunya ya tsallako ta kan gida, ya faɗo tsakiyar tabarma, ƙwal! Kafin a ce mene ne wannan, na langa ya biyo, sai farantai, wani na bin wani, suna ƙara kamar ana biki. Dattawa suka dafe huluna suka rasa inda za su nufa. Daga ƙarshe babban tire ya sauko, ya gangara a kan gefensa, ya yi juyi, ya kwanta a ƙafar babban dattijo.

Rifkatu ta fito a guje. Ta dubi tiren, ta dubi sama, sannan ta dubi mijinta. Ta ce, "Baban Godiya, ashe akuyar tana hawa tsani?"

Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Kowa ya zagaya baya, suka tarar da rufin duk ramuka, katako tsirara, ruwa yana zuba kai tsaye cikin buhunan. Dattawa suka naɗe riguna suka yi ta jan abin da za su iya, amma aikin gama ya gama. Ruwan bai ɗauke da wuri ba, rana ba ta fito an shanya ba. Masara ta tsira a cikin buhu, dawa ta yi funfuna. A daminar nan gidan Yunana da taimakon maƙwabta suka ci tuwo, kuma kwanon farko daga hannun Kande ya fito. Rifkatu ta karɓa tana hawaye don kunya. Shi kuwa Yunana ya turo amalanke cike da tayal ta tsakiyar kasuwa, ba sawu ɗaya ba, ba biyu ba.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Rufin gaba shi ne halin da muke nuna wa jama'a, a hanya da cikin majami'a. Rufin baya shi ne zamanmu inda ba mai gani sai Allah da mutanen gidanmu. Da yawa daga cikinmu daga baya muke zarewa mu liƙa a gaba. Haƙurin da ya kamata mu yi da iyali mun kai wa baƙi. Fara'a a waje, tsawa a gida. Doguwar addu'a a gaban taro, a ɗaki kuwa ko amin babu. Murafen su ne 'yan ƙaryace-ƙaryacen da muke rufe ramukan da su, kuma sau da yawa wani marar laifi ne yake ɗaukar zargi. Zuwa wurin mai tayal shi ne tuba: ka zo gaban Ubangiji ka ce na fashe, ka gyara ni. Akwai kunya a ciki, amma 'yar kaɗan ce, kuma shi ba ya korar mai zuwa.

In kana so ka san lafiyar rufinka, kada ka tambayi masu wucewa a hanya. Yau in an tashi sujada ka koma gida, ka tambayi waɗanda ruwan yake zuba a kansu.