Kura da Garin Filasko

Ku matso kusa, yara. Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, Kaka!

An yi wata Kura da cikinta ya ɗaure, kwana huɗu ba ta zaga ba. Ga shi gobe suna a gidan Zaki, za a yanka bijimi, ita kuwa ko ruwa ba ya shiga.

Sai ta tafi wurin Iya Tabawa mai magani, wadda ke shanya ganye a inuwa, ta daka, ta tankaɗe. Iya ta ba ta garin filasko a ɗan ƙoƙo, ta ce, "Yatsa uku za a ɗiba, a zuba a kunu. Ke ba ki da yatsun ɗiba, ki je Biri ya ɗibar miki."

Biri ya ɗiba. Kura ta leƙa, ta ce, "Haba! Ni da girmana, wannan ɗan mitsitsin?"

Ta je wurin Gwaggon Biri, ya ƙara da tafin hannu. Ta ce, "Haba! Ni da girmana?"

Ta je wurin Giwa. Giwa ta sa hanci ta juye ƙoƙon duka. Kura ta shanye, har da lashe baki. Ni dai ban taɓa ganin wauta irin wannan ba.

Gari ya waye, ana kiɗa a gidan Zaki, nama na ƙamshi. Aka miƙo wa Kura cinya. Za ta kai baki ke nan sai ciki ya ce ƙululu! Ta zura daji.

Ta dawo, aka miƙo haƙarƙari. Ƙululu! Ta zura daji.

Ta dawo tana layi, aka miƙo hanta. Ta ce, "Ciki, don Allah ka yi mini haƙuri." Ƙululu!

Da ta dawo karo na uku, an share fili, kowa na sakace. Kura ta zauna ta fashe da kuka. Iya Tabawa, da ita ma ta zo sunan, ta yi dariya har da hawaye, ta dama mata garin bagaruwa don cikin ya tsaya, ta ce, "Ai kin warke, 'yar nan. Naman ne dai ya ƙare."

To, kun ji. In aka auna muku magani, ku sha yadda aka auna, kada ku ƙara.

Ƙurunƙus kan ɗan ƙadangare. Maza, kowa ya je ya kwanta.