Tsagar da Aka Rufe da Koren Fenti

An yi wani mutum a Yelwa, kafinta, rumfarsa tana kusa da bakin ruwa inda masu haɗa jirage suke neman katako. Sunansa ba zai amfane ku da komai ba. Yana salla, yana azumi, ba a taɓa jin ya zagi kowa ba.

Wata shekara ya ji labarin wani tsohon injin katako a Kontagora, a wata ma'aikata da aka daɗe da rufewa. Irin injin nan ne mai aiki uku: gefe ɗaya zarto, ɗaya gefen yana goge katako ya fito sumul, ga kuma wurin huda. Ya je ya saye, ya ɗoro shi a bayan a-kori-kura.

Ranar da aka sauke shi, mutanen bakin ruwa sun sha dariya. Injin ja wur da tsatsa, bel ya ruɓe, ɓeraye sun yi sheƙa a cikinsa. Bashir mai walda ya zaga shi, ya ce, "Maigida, wanga inji ne, ko anga ka sayo don tsayar da jiragen Kainji?" Dariyar ta shige mutumin har ƙashi. A nan gaban jama'a ya ce kafin ruwa ya cika, kafin masu jirage su fara rububin katako, kowa zai ji kukan injin nan.

Ya yi aiki, wannan ba mai musu. Ya kwance injin gaba ɗaya. Ya jiƙa notuna a kananzir har suka saki. Ya yi ta guga da samfefa har fatar yatsunsa ta saɓule. Ya sa sabon boris, ya cika giris, ya sayo bel, ya wasa wuƙaƙe. Teburin injin da ya zo ja sai ga shi mutum yana ganin fuskarsa a kai.

Abu na ƙarshe da ya goge shi ne gangar ƙarfen da ke riƙe da wuƙaƙen guga, wadda take juyawa da gudun da ido ba ya iya bi. Da tsatsa ta fita sai ya ga wani layi siriri kamar gashi, ya taso daga ramin da wuƙa take zama. Ya zuba kananzir, ya goge da tsumma. Kananzir ya sake tsattsafowa ta layin. Tsaga ce, kuma ta yi zurfi.

Ya san abin da ya gani. Ya san walda ba za ta riƙe wannan wuri ba. Sai an je Kaduna an nemo wata gangar, ko a sa a ƙera, ga shi ruwa ya fara hawa. Yana iya buɗe gefen zarto kaɗai, ya ce guga sai nan gaba. Amma zarto kowa yana da shi a bakin ruwa. Guga ce ya yi alfahari da ita, kuma ya san irin abin da Bashir zai faɗa.

Sai ya sayo fotin da masu gyaran jikin mota suke cike lotsa da shi. Ya cike tsagar, ya goge, ya shafe injin duka da koren fenti.

Ya 'yan uwa, da a nan ya tsaya, da sai mu ce mutum ne ya yaudari kansa. Ku ji abin da ya biyo baya.

Matarsa Murjanatu tana da wa a Ngaski, sunansa Ɗangana, wanda tun tasowarsa yake sassaƙa katakon jirgi da gizago. Mutumin ya je har gida ya same shi. Ya ce, "Yaya, ka aje gizagon nan ka huta. Kai ka san katako, kai za ka tsaya wajen guga. Ni in riƙe zarto." Ɗangana ya ji daɗi, ya ce suruki ya tuna da shi.

Injin ya tashi a kan lokaci. Masu jirage suka riƙa zuwa daga Shanga, daga Ngaski, daga tsibirai. Bashir da kansa ya zo ya cire hula, ya ce ya janye maganar anga.

Kullum da safe mutumin zai tayar da janareto, ya gaida Ɗangana, ya zaga bayan inji, wajen zarto, inda jikin ƙarfe ya kare shi daga gangar. Ko da wasa bai taɓa tura katako a gefen guga ba. In Ɗangana ya tafi salla ko cin abinci, katako sai ya jira. Mutane suka lura. Bashir ya ce, "Maigida, wanga gefen aljani gare shi?" Mutumin ya ce ƙurar maɗaci ce take sa shi tari. Ɗangana ya yi dariya, ya ce, "Ku ƙyale min suruki, ƙirjinsa na 'yan birni ne."

Kuna zaton ya manta? Bai manta ba. Duk lokacin da aka tura katako mai tauri, kukan injin ya canza, sai ya ja da baya kaɗan. Yakan ce a ransa, da zarar rububi ya lafa zai canza gangar. Rububi ya lafa. Ruwa ya janye, ya sake cika. Gangar tana nan.

Wata rana da hantsi Ɗangana ya tura wani katakon ƙirya mai ƙulli. Aka ji ƙara kamar ta bindiga. Gangar ta fashe, wuƙa ta fita, ta sami hannunsa na dama. Aka kai shi asibiti. A wuyan hannu aka yanke.

Mutane suka tsince ɓaraguzan ƙarfe daga cikin dusar katako. Bashir ya ɗauki babban, ya kankare da farce, foti ya fito fari daga cikin tsagar. Mutumin ya ce, "Haka na saye shi." Ba wanda ya yarda. Duk sun ga ranar da aka sauke injin, tsatsa ce zalla, ba ɗigon fenti. Bashir ya ajiye ƙarfen a kan tebur, ya fita.

A gida Murjanatu ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye masa abinci, ta jira ya wanke hannu. Ta ce, "Tambaya ɗaya gare ni. Tarin nan naka, ban taɓa jin shi cikin gidan nan ba. Mi ya hana ka tsayawa inda Yaya yake tsayawa?"

Ta haɗa kayanta, ta kwashi 'ya'ya, ta tafi Ngaski jinyar wanta. Ba ta dawo ba.

Ba a kai shi kotu ba, ba wanda ya ɗaga masa hannu. Masu jirage ne kawai suka daina zuwa. Mutanen da suke ɗora rayukansu a kan katako ba sa sayensa a hannun wanda yake ɓoye tsaga. Waɗansu har suka jawo jiragensu tudu, suka kife su, suna bin duk katakon da ya fito daga rumfarsa. Ya rufe rumfar ya koma Shanga, ya tarar labari ya riga shi isa. A masallaci ana amsa masa sallama, amma ko ƙofar ɗaki ba mai ba shi gyara.

Da abin ya ishe shi, ya hau jirgi zuwa Ngaski. Ya sami Ɗangana a gindin bishiya a bakin ruwa, yana kallon waɗansu suna sassaƙa. Ya durƙusa, ya faɗi gaskiya duka, ya nemi gafara.

Ɗangana ya saurare shi har ya gama. Sannan ya ce, "Hannu na yafe, wanda ya ba ni shi ya karɓa. Amma kullum da safe sai ka dube ni ka ce, 'Yaya, sannu da aiki,' sannan ka zaga bayan inji. Wagga gaisuwa na kasa yafewa. Na gwada. Tashi, kada jirgi ya bar ka."

Ya 'yan uwa, tsohon inji ba zunubi ba ne. Tsaga ma ba zunubi ba ce, ƙarfe yakan gaji. Zunubin mutumin nan shi ne ya ga haɗari da idonsa, ya yarda da shi har ya kare kansa, sannan ya zaɓi jikin wani ya ajiye a wurin. Don me? Don kada a yi masa dariya a bakin ruwa.

Kowa ya dubi sana'arsa. Mai jirgin da ya san katako ɗaya ya ruɓe, ya loda mutane, shi ya tsaya a tudu yana ɗaga musu hannu, me ya raba shi da kafintan nan? Abin da ba za ka tsaya a gabansa ba, kada ka tsayar da wani. Hakkin mutum ba ya goguwa da yawan nafila, sai mai hakkin ya yafe, kuma kun ji ba kullum yake iyawa ba.

Allah ya kiyaye mu da ɓoye aibin da zai cuci wani. Allah ya raba mu da jin kunyar mutane fiye da tsoronsa. Allah ya sa kada mu tashi gobe kiyama da hakkin kowa a wuyanmu. Amin.