Ƙwan Zabuwa a Akurkin Sarki

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, Kaka, mun kasa kunne.

To a gyara zama, ba na maimaita magana.

An yi wani zakara, Jatau, sarkin kajin wani gida. Wata damina ruwa ya cinye fadama, zabi suka gudo a jiƙe sharkaf, suka faɗo ta danga. Jagorarsu wata zabuwa ce, Kuluwa, ciki fal da ƙwai. Jatau ya dube su, ya ce jikinsu ɗigo-ɗigo, kansu ƙwal, kukansu ba na masu tarbiyya ba. Ya kafa doka: kada su sha a kaskon kaji, kada su ci sai an gama. In an yanke gero kuma, duk mai ɗigo ya fice. Ga shi bayan danga muzuru ne kwance yana lasar baki.

Akwai wata tsohuwar kaza, Gwaggo Yalwa, ta daina ƙwai amma ba ta daina wayo ba. Ta sami Kuluwa a bayan rumbu, ta ce ta ba ta ƙwai uku. Kuluwa ta tambaya ko za a dawo mata da su.

Gwaggo ta ce, "Ba za a dawo da su ba, 'yar nan. Amma za su rayu, ke ma ki rayu."

Kuluwa ta ba ta, tana share hawaye da fiffike.

Lokacin Delu, matar Jatau, ta fara kwanci. Rana tsaka ta fita birgima a toka, Gwaggo ta gangaro ƙwai ɗaya, ta cusa cikin na Delu. Washegari ta cusa na biyu. Rana ta uku sai ga Jatau a bakin akurki. Gwaggo ta yi zaman dirshan a kan ƙwan, ta ce ciwon ƙugu ne ya kayar da ita, ya taimaka ya danna mata. Nan take sarki ya tuna yana da cara a bayan gida. Yana ba da baya, ta cusa na uku.

'Ya'yan Delu suka fito. Ta ƙi tashi, ta ƙara kwana bakwai, sai ga uku na ƙarshe, masu gudu kamar iska. Jatau ya yi ta bugun ƙirji, wai ƙafarsa suka ɗauko. Ya yi suna, ya raba tsaki, Gwaggo ta ci kashi biyu.

Gero ya nuna, gashin yaran nan uku ya fito, ɗigo-ɗigo. Jatau ya ce toka ce, aka wanke. Ya ce ƙyanda ce, aka shafa magani. Ɗigo sai ƙara kyau yake.

Ranar kora ta zo. Zabi suka jeru a bakin danga, muzuru ya miƙe. Sai ga Delu ta kora 'ya'yanta kaf, masu ɗigo da marasa, ta shiga layi.

Ta ce, "Maigida, ka ce duk mai ɗigo. Ni kuwa inda suka kwana, nan zan kwana."

Jatau ya dubi muzuru, ya dubi yaran da ya yi wa suna da bakinsa. Ya yi gyaran murya, ya ce ba a fahimce shi ba ne, shi muzurun yake nufi, ai shi ma jikinsa zane ne. Kowa ya koma kasko ɗaya.

Da yamma Gwaggo na tafe tana rangaji, ganinta ba wanda ya gano ta. Delu ta tare ta.

"Gwaggo, ni da na kwana ashirin da takwas a kansu, kin zaci ban san ƙwaina ba? Gobe in za ki kawo, ki yi sallama."

To kun ji. Wanda masifa ta koro ƙofarku, a ba shi ruwa a ƙwaryar gida, a bar leƙen fatarsa. Duk jikana da na kama yana yi wa baƙo dariyar yarensa, ni da kunnensa ne.

Ƙurunƙus, ta ƙare a bakin akurki. A tashi a kashe min wutar nan, itace ba kyauta ba ne.