Hutun da Awaisu Ya Ba Kansa

Akwai wani saurayi a wani ƙauye da ke gefen Kafur, sunansa Awaisu. Ɗalibi ne a jami'a, yana ajin ƙarshe a fannin aikin gona. Yaro ne mai ƙwaƙwalwa, kuma ya san da haka. Tun da ya shiga makarantar bai taɓa faɗuwa kwas ko ɗaya ba, bai kuma taɓa shiga ofishin wani malami neman alfarma ba. Da wannan yake tinƙaho.

Ana tsakiyar zangon karatu, kaka ta yi, sai aka kira shi daga gida. Mahaifinsa Malam Labo ya faɗo daga babur a hanyar dawowa daga kasuwar Malumfashi, ƙafa ta karye. An kai shi wurin mai ɗori, an ce sai ya jima a kwance.

Awaisu shi kaɗai ne namiji a gidan, yayyensa mata duk sun yi aure. Ga masara ta bushe a gona, ga waken suya ya fara fashewa. Bai yi shawara da kowa ba, ya haɗa 'yar jakarsa ya hau mota.

Da Malam Labo ya gan shi, tambayar farko da ya yi ita ce, "Karatun fa?"

"Hutu aka ba mu, Baba."

Tsohon ya yi hamdala, ya koma ya kwanta.

Awaisu ya shiga gona da gaske. Ya karya masara, ya tara, ya tuge wake. Da rana ta yi zafi sai ya zauna a gindin ɗorawa ya buɗe wayarsa, ya karanta abin da 'yan ajinsu suka turo. A ganinsa bai rasa komai ba.

Wata rana Mannir, wakilin ajinsu, ya kira shi.

"Mutumina, ka san dokar nan fa. Wanda bai halarci kashi saba'in da biyar cikin ɗari na lacca ba, ba zai zauna jarrabawa ba. Ka zo ka ga Dakta Sa'adatu, ita ke kula da ajinmu. Ka gaya mata Baba ne ba lafiya. Ko a waya ka kira ta."

Awaisu ya yi dariya. "In je in tsuguna ina ba da labarin gidanmu? Bar su kawai. Ranar jarrabawa za a ga wanda ya yi karatu."

"Ba maganar karatu ake ba, Awaisu."

"To na ji."

Bai kira ba.

Sai da amfanin gona ya shiga rumbu, ƙafar Malam Labo ta fara taka ƙasa, sannan ya koma makaranta. Ya tarar ana shirin jarrabawa. Ya kuma tarar an hana shi zama kwas biyu, waɗanda ba a kammala digiri sai da su.

A ranar ya fara taka ofishin Dakta Sa'adatu. Ya shiga da zafinsa, ya zayyana mata komai, har ya buɗe mata tafin hannunsa da ya yi kanta.

Ta saurare shi har ya gama. Sannan ta ce, "Na yarda da kai. Uzurinka na gaskiya ne, kuma Allah ya saka maka da abin da ka yi wa mahaifinka. Amma me ya hana ka zuwa tun farko? Akwai hanyar da ake bi. A ajin nan naku akwai wadda ta haihu, ta sanar da mu a kan lokaci, ga ta za ta zauna jarrabawarta. Kai kuwa ba wanda ya san inda kake. Yanzu magana ta wuce hannuna."

"Malama, ki gwada ni a nan. Ki tambaye ni duk abin da aka koyar."

"Na san za ka amsa. Amma an fita gonar gwaji, an shiga ɗakin bincike, ba ka nan. Wannan ba a waya ake turo shi ba. Sai baɗi, Awaisu."

Ya zauna sauran jarrabawar, ya ci su da kyau. Abokansa suka gama suka tafi, shi ya dawo gida da shekara guda a wuyansa.

Ya yi kwanaki yana kewaye-kewaye kafin ya iya faɗa. Ya sami Malam Labo a zaure yana zaune kan tabarma, sandarsa a gefe, ya durƙusa ya gaya masa gaskiya, har da zancen hutun da ba a ba su ba.

Tsohon ya ɗago kai ya dube shi.

"Wato ƙarya ka yi mini."

"Don kada hankalinka ya tashi ne, Baba."

"Awaisu, a garin nan aka haife ni. Wace gona ce ban taɓa shiga gayya ba? Da ka faɗa mini, aike ɗaya zan yi gidan Ayuba da gidan Iliya, su tara matasa a karye masarar nan. Ba ka tambaye ni ba, ba ka tambayi malamanka ba. Ka yanke wa kowa hukunci kai kaɗai."

Awaisu ya sunkuyar da kai.

"Yanzu duk tuwon da za a tuƙa a gidan nan, in na kai loma baki, shekararka nake ci."

Wannan maganar ta fi masa hukuncin makaranta ciwo.

Da aka koma, ya zauna aji ɗaya da ɗaliban da ke bayansa, waɗanda a da shi ke yi musu bita. Ba laccar da ta wuce shi. Ya gama, ya karɓi sakamako mai kyau, amma a bayan tsaransa da shekara.

Darasi: Kyakkyawar niyya ba ta ɗauke doka, ƙwaƙwalwa kuma ba ta zauna maka a aji. In uzuri ya same ka, ka buɗe baki da wuri, ka gaya wa malamanka, ka gaya wa iyayenka gaskiya. Neman taimako ba ƙasƙanci ba ne. Ku tura wa duk ɗalibin da kuka sani, wataƙila akwai wanda ke shirin yin shiru irin na Awaisu.