Mutumin da Ya Haɗa Kwano Iri Biyu a Rufi Ɗaya

Akwai wani mutum, auta a ɗakinsu, wanda ya gina wa tsohuwar uwarsa ɗaki, gama tana fama da tari, ɗakin ciyawar da take ciki kuwa yana yoyo. Da gini ya kai ga rufi, sai ya rasa irin kwanon da zai saya.

Ya tafi wurin yayansa. Yayan ya ce, "Wannan har abin tambaya ne? Kwanon ƙarfe mana! Ko ƙanƙara ta sauko ba ya jin komai. Tsatsa ce kaɗai abokiyar gabarsa, ita ma fenti ne maganinta."

Mutumin ya ce, "Gaskiya ne, Yaya."

Da ya dawo gida, matarsa ta ce, "Baban Dogara, wa zai shafa fentin? Kai da ƙofar banɗaki ta fi shekara tana jiranka? Ka sayi alminiyam. Ba shi da ƙwari sosai, na sani, amma ba ya tsatsa, ba ya neman komai a wurinka."

Ya ce, "Ke ma gaskiya ne."

Haka ya yi ta yawo. In yana gidan Yaya, ƙarfe ne. In ya shigo nasa gidan, alminiyam ne. A hanya kuwa ba ya sanin ko wanne ne. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, Inna tana ta tari.

Sai wata dabara ta zo masa, har ya yi dariya shi kaɗai. Ya sayo rabi wannan, rabi wancan, ya ce wa kafinta ya jera su, ɗaya na ƙarfe, ɗaya na alminiyam, har ƙarshe. Kafinta ya sosa ƙeya ya ce, "Ni dai ban taɓa gani ba. Amma ɗakinka ne." Ya buga.

Mutumin ya ce a ransa, "Na sami ƙwarin wannan, na sami rashin tsatsar wancan, ban kuma ɓata wa kowa rai ba."

Damina ta fari ta wuce lafiya lau. Da rani ya zo, ya tuna da fenti, ya hau rufi da gwangwaninsa. To, kafin ya kai ga na ƙarfe, dole ya taka na alminiyam. Yana takawa, kwano ya loɓa. Ya ja da baya, wani ya loɓa. Ya tsaya a sama da ƙafa ɗaya kamar zakara, ya rasa gaba, ya rasa baya. Ya sauko da fentinsa, bai sake hawa ba.

Shekara ta bi shekara. Na ƙarfen ya yi ja don rashin fenti. Tsatsarsa ta bi mahaɗa tana cin na alminiyam, bakin kowace ƙusa ya zama farin gari. Wata rana da la'asar aka yi ruwa mai ƙarfi. Ya shiga gaishe da Inna, ya tarar da ita a tsugune a lungu, ta kifa kwando a ka, tabarma sharkaf, tana tari kamar ƙirjinta zai tsage.

Yaya ya zo ya ce, "Ka gani? Alminiyam ɗin matarka ne!"

Matar ta ce, "A'a, Yaya, dubi inda tsatsar ta fito."

Mutumin ya ɗaga kai yana duban ɗigon ruwa. Ya ce, "Ni fa ban gane ba. Kowannenku gaskiya ya faɗa. Na kuma bi ku duka biyu. To, ta ina ruwan ya shigo?"

Inna ta sauke kwandon ta ce, "Auta, ta tsakani ya shigo. Da wanne ka rufe ni? Ni ban ga ka zaɓa ba. Ka ceci kanka daga faɗan Yayanka da na matarka, ni kuwa ka bar ni a ruwa."

Ma'anar wannan misali ita ce, jikokina: ɗakin nan zuciyarku ce. Kada ku tafi gida ku ce an zagi wani kwano a coci, kowanne yana rufe ɗaki in an riƙe shi yadda yake so. Laifin mutumin nan tsoro ne. Ya ƙi tsayawa wuri ɗaya don kada a ji haushinsa. Haka waɗansunku suke. Ran Lahadi kuna nan kuna waƙa da ƙarfi, ran Litinin abokai su ce a yi ƙarya, ku ce, "Ku ma gaskiya ne." Kuna tsammani wayo ne. Ba wayo ba ne, yoyo kuke shiryawa. Yesu ba ya karɓar rabin rufi. Ku ba shi duka, ku kuma riƙa hawa kuna dubawa da addu'a, tun ana rani.

Ku kuma lura da kyau: mutumin bai jiƙe ba. Wadda ta dogara gare shi ce ta jiƙe.