Fatar da Aka Dasa wa Alhaji Abdulgani

Akwai wani ɗan kasuwa a unguwar Kilomita Biyar, cikin birnin Bangui, ana kiransa Alhaji Abdulgani. Shinkafa da man girki da sabulu yake sayarwa a sari. Ƙaninsa Muktar ya girma a shagon Alhajin, har ya yi furfura, amma ko buhu ɗaya ba ya ɗagawa sai Alhaji ya nuna da yatsa.

Wata rana da aka ɗauke wuta, Alhaji ya ƙi jiran kowa, ya zuba wa janareta fetur tana da zafi. Wuta ta kama wandonsa. Kafin a kashe ta, ta cinye fatar ƙaurinsa na hagu.

A asibiti ya faɗa hannun Likita Bilkisu, haifaffiyar unguwar Miskine, wadda Hausarta ke tafiya tare da yaren Sango. Ta yanko siririyar fata daga cinyarsa, ta shimfiɗa a kan ƙunar, ta ɗaure.

Da ya farfaɗo daga allurar barci, ta ja kujera ta zauna.

"Baba Alhaji, ka saurare ni. Fata ba ƙyalle ba ce da za a ɗinka a tashi. Ƙananan ƙwayoyin halitta ne, kowace tana riƙe da ta kusa da ita, kuma dukkansu sun kafe a kan wata shimfiɗa mai kama da raga da ke ƙarƙashinsu. Wannan da na dasa maka ba ta riƙe komai ba tukuna. Ruwan naman take tsotsa. A hankali ƙwayoyin za su kama ragar, jijiyoyin jini su shigo. Idan ka taka ƙafar yanzu, duk abin da suka ƙulla zai tsinke."

"Har yaushe ke nan?"

"Sai na ce ka tashi. Yeke yeke, Baba. Sannu sannu."

Aka mayar da shi gida a kwance. Bai jima ba ya ji cewa babbar motar kayansa ta iso daga Kamaru. Matarsa Nafisa ta tare ƙofa, ya ce ta ba shi hanya, Muktar zai haɗa masa shinkafa da sabulu a wuri ɗaya. Ya dogara sanda, ya tsayar da mai babur, suka bi ramukan titi har shago.

Ya tarar an gama sauke kaya tun hantsi. Komai a jere, ƙasa a share.

"Yaya, me ya fito da kai?" in ji Muktar, yana kallon bandejin da ya jiƙe da jini.

Da likita ta kwance ɗaurin, fatar ta zame gefe, ta yi baƙi. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce sai naman ya sake tsabta kafin a gwada na biyu, daga ɗaya cinyar. Ta ƙara da cewa idan ciwo ya kai ƙashi, maganar ba ta fata ba ce kuma, ta ƙafar ce gaba ɗaya.

Aka sake dasawa. Ya kwanta, ƙafa a kan matashi.

Ana cikin haka ruwan damina ya sauka da ƙarfi, kwatoci suka cika. Wani maƙwabci ya leƙo ya ce ruwa ya shiga shagunan layinsu. Alhaji ya yunƙura ya zauna, ya jawo sandarsa. Nafisa ta tsaya tana kallonsa.

Ya daɗe riƙe da sandar. Sannan ya miƙa mata, ya ɗauki waya.

"Muktar, abin da ka ga ya dace ka yi. Ba sai ka tambaye ni ba."

Ya koma ya kwanta, yana jin ruwan a kan kwano.

Buhunan da ke ƙasa sun lalace. Sauran kuwa, Muktar da masu shagunan kusa suka ɗora su a kan benci da katako.

Ranar da aka koma asibiti, likita ta ɗaga audugar a hankali. Fatar ta yi jaja-jaja, ta manne. Ta danna da yatsa, wurin ya yi fari, sannan jini ya dawo.

"Ta kama," in ji ta.

Tabon bai ɓace ba, kuma ƙafar kan yi masa tsami idan ya daɗe a tsaye. Amma ƙafarsa ce, da ita yake zuwa masallaci.

Darasi: Abin da ke ƙulluwa a hankali, gaggawa ba ta ƙara masa komai sai tsinkewa. Ka bi umarnin likita ko da ba ka ganin aikin da jikinka ke yi, kuma ka yarda da waɗanda Allah Ya ajiye kusa da kai. Tura wannan ga wanda ka san yana jinya amma ya kasa kwanciya.