Kyauta da Ruwan Katambiri

Ga ta nan, ga ta nanku, mai surutu ya tashi tun yanzu.

Ta zo mu ji ta, Kaka, mun kama bakinmu.

Wata mata ce ana ce da ita Kyauta, aure ya kai ta wani gari can kudu, bakin kurmi. A garinsu na arewa lalle da kwalli kaɗai aka sani. Nan kuwa kwalliyar mata katambiri ce. Ɗan itace ne, a daka shi, a matse ruwan, a zana a fuska da tsinke.

To, garin nan suna da al'ada. Ranar wasan kaka, bayan an kai hatsi rumbu, makaɗi yakan kira matar da aure ya kawo a shekarar, ita ke buɗe rawa. Sau uku yake kira. In ba ta fito ba ya wuce ta, kuma ba a sake kiran mace har ta koma ga Allah. Bana Kyauta ce.

Da sassafe sai ta tafi gidan Iya Cindo mai zanen katambiri. Tsohuwa ta ja mata layi uku a kowane kunci, ɗaya a goshi. Ta ce, "To 'yar nan, sai ki bari rana ta..." Ina! Kyauta ta riga ta kai zaure.

Ta je gida ta leƙa randa. Fuska fes, ba komai sai ɗan danshi. Sai ta koma.

"Iya, ruwan tulu kika shafa mini?"

"Katambiri ne. Ba ya nuna kansa nan take."

"Don kin ga ni baƙuwa ce ko? Ƙara!"

Tsohuwa ta ƙara layi a tsakanin layi. Kyauta ta koma ta leƙa randa. Ba komai. Sai ta sake dawowa, ko sallama babu.

"Na matan garinku kike ɓoyewa, ni ki ba ni mai ruwa-ruwa?"

"Ke dai je ki zauna."

"Ƙara na ce!"

Tsohuwa ta ƙara a haɓa, ta ƙara a karan hanci. Kyauta ta koma, randa ta ce mata ba komai. A zuwa na huɗu ba ta tsaya tambaya ba. Ta tarar da ƙwaryar katambirin a cike, ta durƙusa, ta tsoma fuska a ciki har kunnuwa.

Iya Cindo ta tafa hannu. "Tun ina budurwa nake sana'ar nan, yau na ga mai wanka da shi!"

Kyauta ta leƙa randa, fuska na nan yadda uwarta ta haife ta. Ta ja tsaki, ta ce, "Na je da fuskar da Allah ya ba ni, ai ba ta da muni." Ta shige ɗaki ta kama shiri. Rana ta ɗaga, katambiri ya kama aikinsa. Ita ba ta sani ba.

Da la'asar ta lulluɓe kai da mayafi ta nufi dandali. Shekarau makaɗi ya doka ganga.

"Ina Kyauta, matar Mantau?"

Ta yaye mayafi ta shigo fili tana yanga. Fuska baƙa wuluk kamar gindin tukunya, sai idanu biyu farare.

Shekarau ya ce, "Baiwar Allah, matsa gefe, amarya nake kira." Ya sake doka ganga. "Ina Kyauta, matar Mantau?"

"Kai makaho ne? Ga ni!"

"Wadda na sani ba haka take ba."

Sai ta juya wajen mijinta. "Maigida, gaya masa mana!"

Mantau ya dube ta sama da ƙasa, ya sosa ƙeya, ya ce, "Muryar dai tata ce. Faɗan ma nata ne."

Dariya ta ɓarke. A cikin dariyar Shekarau ya yi kira na uku, ya duba gabas, ya duba yamma, ya juya kiɗa. Mata suka tuɗo fili, kowace da layinta siriri a kunci, suka ture Kyauta gefe.

Kwana bakwai tana dirzar fuska da sabulun salo kafin ta koma mutum. Rawa kuwa ta wuce ke nan.

Ƙurunƙus kan kusu, ba na gafiya ba. In kun sauka garin da ba naku ba, ku bar masu garin su koya muku kayansu. Ku tashi haka, kun cika mini ɗaki da zafi.